Injin Constance Ya Koma Tashi Da Baya

Atherstone, 9 ga Satumba, 1996

Zuwa ga Enoch Wardle,

Ina gaishe ka, ina gaida Ida, da fatan tarin nan ya sake ta. Na san ita za ta karanta maka wannan, tunda har yau kana kan bakanka cewa karatu aikin marasa sana'a ne. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da lissafi, aka sallame ni da agogon bango mai latti, don haka na daina yi maka musu.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Jirgin ruwana, Constance, ya fara tafiya da baya.

Ka fi kowa sanin injin nan, kai ka ciro mini shi daga mataccen jirgin kwal shekara talatin da huɗu da suka wuce. Ranar Talata da safe na yi abin da na saba. Na kunna fitilar hura wuta na gasa kansa minti goma sha biyu, na buga famfon mai sau uku da hannu, na zaro turken da ke jikin babban wili na taka. Bugu ɗaya ya tashi, da tum, tum, tum ɗin nan nasa. Na hau na kama sandar tuƙi, na haɗa farfela. Maimakon mu nufi ƙofar ruwa da ake buɗe wa jirage su wuce, sai na ga bishiyoyi suna wucewa ta inda bai kamata ba. Kafin in ankara na daki hancin wani jirgin haya da ke bayana, cike da 'yan hutu daga London.

Wani mai jan gajeren wando ya fito, shayi ya zube masa a riga. Ya ce, "Kakanmu, tun da sassafe aka fara kurɓawa?" Na ce masa injin nan ba shi da giyar ribas, shi kansa ake juyawa in ana son komawa baya. Matarsa ta leƙo ta taga ta ce, "To wa ya gaya masa ana so?" Na ba su haƙuri, na ja jirgina gefe.

Karo na biyu ke nan. Na farkon a Hawkesbury ne, mako uku da dawowata jirgi bayan tiyatar ƙugu. Ciyayi kawai na shiga, ba wanda ya gani. Wannan kuwa mai tsaron ƙofofin ruwa ya gani, kuma yana da lambar wayar 'yata Bryony.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Na sauka ɗakin inji na tsaya ina kallon wilin yana juyawa, na kasa cewa hagu ya kamata ya yi ko dama. Ban taɓa dubawa ba, don ban taɓa buƙata ba. To mantawa na yi, ko da ma ban taɓa sani ba? Na kwance famfon mai, na kankare kunkunniya, na canza baƙin mai, ban ga aibu ba.

Ka zo ka duba. In ciwon na inji ne ka gyara. In nawa ne, na fi son in ji daga bakinka kafin in ji daga na 'yata.

Ka huta lafiya,
Ambrose Tranter

Leicester, 12 ga Satumba

Baba,

Gaisuwa mai yawa daga ni da Colin da yara. Ina fatan kana shan maganinka, kana kuma cin wani abu ban da burodi da kifin gwangwani.

Mista Ollerton mai tsaron ƙofa ya kira ni a wurin aiki. Ya ce akwai jaririya a jirgin da ka daka. Ka san wannan? Ya ce bayan abin ya faru ka tsaya a ɗakin inji kusan rabin awa kana kallon ƙarfe, ya yi maka magana sau biyu ba ka juyo ba.

Baba, ba faɗa nake yi ba, tsoro nake ji. A watan jiya sau biyu ka kira ni da sunan Mama a waya. Shekararka saba'in da huɗu, kana zaune kai kaɗai a kan ruwa da injin da sai an hura masa wuta kamar murhu.

Na karɓar maka ranar ganin likita, 14 ga Oktoba, ƙarfe goma. Za su gwada ƙwaƙwalwa, tambayoyi ne kawai. In ya ce lafiya kake, Colin ya san inda za a sa maka sabon inji mai makulli, ka murɗa ya tashi, yana da giyar gaba da ta baya kamar na kowa. In ya ce akwai matsala, za ka sauka daga jirgin ka dawo wurinmu. Mun riga mun kwashe kaya daga ɗakin ƙasa. Wannan karon ba zan bari ka kayar da ni da dogon bayani ba.

Ka kula da kanka, don Allah.

'Yarka,
Bryony

Atherstone, 17 ga Satumba

Bryony 'yata,

Na sami wasiƙarki, na gode da gaisuwa. Ki gaida yara. Ki gaida Colin ma, in ya gama auna ɗakin da za a ajiye ni.

Ban san da jaririya ba. Na yi kwana biyu ina tunanin wannan, kuma ba zan yi miki gardama a kai ba.

Amma batun inji mai makulli, ki saurare ni. Injin nan an ƙera shi kafin a haife ni. Fistin ɗaya gare shi, ba batir, ba waya ko ɗaya. Galan ɗin dizal yana kai ni daga safe har la'asar. Duk abin da ya lalace a jikinsa ina iya ganinsa da ido, in kwance shi da sifana uku da guduma. Abin da yake nema kaɗan ne: a ɗiga masa mai a kofunansa kowace safiya, a tace dizal kada ruwa ya shiga, a kankare kansa sau biyu a shekara, a zubar da ruwan jikinsa kafin ƙanƙara ta sauka. Wanda ya yi masa haka, injin ne zai binne shi ya binne jikansa. Waɗannan sababbin kuwa akwati ne rufaffe. Ya mutu a tsakiyar ruwa, ka zauna kana jiran wani yaro mai farar mota ya zo ya ce a sayi sabo. Haka suka yi da makarantarmu. Suka ce lissafin da nake koyarwa ya tsufa, suka kawo na'urori, yau mai sayar da jarida ba ya iya haɗa bakwai da takwas sai ya danna.

Akwai abu na uku da nake son in gaya miki, mai muhimmanci. Na ajiye alƙalami na zuba shayi, na dawo ya ɓace mini. Kada ki rubuta wannan a littafinki na shaidu. Kowa yana yin haka. Ina jin kowa yana yi.

Sunan mahaifiyarki kuwa, muryarku ɗaya ce a waya. Ko ba haka ba ne?

Enoch zai zo ranar Asabar. Ki bari ya duba kafin ki yanke mini hukunci. Zan je wurin likitan in dole ne, amma ki sani, ranar da na kwana a ɗakin da ba ya motsi, ban san wane ne zai tashi da safe ba.

Mahaifinki,
A. T.

Braunston, 23 ga Satumba

Zuwa ga Bryony,

Yarinya, muna gaishe ki da kyau, da maigidanki da yara. Ni ce Ida nake rubutawa, Enoch yana faɗa. In kin ga zagi nasa ne.

Ya ce in gaya miki mun je ranar Asabar. Ya kwance injin ya mayar, ya ce ko a coci ba a samun tsabta irin wannan, ba abin da ya same shi. Babanki yana tsaye fuskarsa duk ta faɗa, ya ce, "To ni ne ke nan." Enoch ya ce, "Malam, rufe mini baki ka tashe shi in gani."

Ya gasa, ya buga mai, ya taka. Enoch ya yi ihu, "Kai! Wa kake son kashewa? Wili ne, ba karen maƙwabci ba!" Inji ya tashi da baya a gabanmu. Enoch ya zauna a kan bokiti yana dariya har tari ya kama shi.

Ga bayanin, ya ce in rubuta a hankali don ki gane. Irin wannan inji ba a tashinsa da ƙarfi. Ta baya ake taka wilin, da sassauci, fistin ya je ya tarar da iskar da ta matse, ta tunkuɗo shi ya dawo, wuta ta kama, sai ya zarce ta gaba. In ka taka da ƙarfi ya wuce wurin, ta baya zai kama, kuma ƙarar iri ɗaya ce. Da babanki yana da ƙuruciya ya iya sassautawa. Da ƙugunsa ya lalace, shekara goma sha biyar yana takawa iya ƙarfinsa, kuma iya ƙarfin nan ya zo daidai da abin da injin yake so. Yanzu likitoci sun sa masa ƙugun ƙarfe, shi kuma bai rage ba. Enoch ya ce ba kan tsohon ne ya lalace ba, ƙafarsa ce ta warke.

Babanki ya ce, "Wato lafiya ce ta cuce ni?" Enoch ya ce, "Duk karatunka, Malam, sai jahili ya zo ya koya maka taka ƙafa." Sau goma ya sa shi ya tashe shi, tara ta gaba. Ya kuma zana kibiya da farin fenti a bango, ya ce a duba wili kafin a haɗa farfela.

Enoch ya ce ki bar mutum da jirginsa. An haifi Enoch a kan ruwa, ya ga tsofaffin da aka kwashe aka kai gidan bulo, ya ce ba wanda ya kai bazara biyu. Ni kuma na ce ki riƙa zuwa, don ya rame.

Mu huta lafiya,
Enoch da Ida Wardle

Leicester, 26 ga Satumba

Baba,

Ina gaishe ka, ina kuma neman gafara. Na karanta wasiƙar Ida a tsaye a kicin, na yi dariya, sai na kama kuka, Colin ya rasa wanne zai lallasa.

Ƙugu! Wata uku ina kallonka ina ƙirga kurakuranka, ashe ƙugu ne. Na kira asibiti na soke ganin likitan. Mun mayar da keken ɗinki ɗakin ƙasa. Ba wanda zai taɓa injinka. Ka taka a hankali, ka duba kibiyar Enoch.

Za mu zo da yara a hutun Oktoba. Ka gaya mini inda za ka ɗaure jirgi.

Taka,
Bryony

2 ga Oktoba

Enoch,

Gaisuwa gare ka. Ida, ki karanta masa wannan ba tare da kin sa baki ba, na roƙe ki.

Injin lafiya ƙalau. Yau da safe na taka da sassauci, ya tashi ta gaba, na duba wili, daidai. Na yi tafiyar awa biyu. Ban taɓa jin ya yi daɗin sauti haka ba.

Da na iso mararrabar ruwa, inda hanya ta rabu biyu a ƙarƙashin gadar ƙarfe, sai na cire farfela na tsaya. Na san gadar. Na san gidan da ke gefenta. Amma ban san inda za ni ba, ban kuma san inda na kwana ba. Wani mai kamun kifi ya ce, "Baba, hagu ko dama?" Na ce masa ina jiran wani. Na fi minti ashirin a wurin, inji yana bugawa, kafin na ja gefe na ɗaure. Ka ga ban sa sunan gari a saman takardar nan ba.

Bryony ta soke likita, tana murna, za ta kawo yara su hau jirgin. Kai ka sa ta soke, kuma gaskiya ka faɗa mata.

Kada ka gaya mata wannan. Ko kuwa ka gaya mata, kafin yaran su zo. Na rubuta duka biyun, na kasa soke ɗaya. Ka zaɓa mini.

Naka,
Ambrose