Rigunan Shunayya da Aka Hana Shiga Gidan Wasa

Como, ƙarshen Satumba

Zuwa ga ƙanena Amilcare,

Ina gaishe ka gaisuwar yayar da ta daɗe ba ta sa ƙaninta a ido ba, da fatan takardar nan za ta iske ka a Rosario cikin ƙoshin lafiya, kai da Graziella da yara. Allah Ya ƙara maka sauƙin gwiwar nan, Ya sa albarka a kantin maganinka. Mu nan lafiya lau. Mama na nan da ƙarfinta, har yanzu faɗa take yi da likita a kan gishiri. An gama tsinkar inabi a gonar Kawu Settimio. Makarantar ɗinki ta buɗe, an ba ni sababbin ɗalibai masu zumuɗi waɗanda almakashi ke ba su tsoro tukuna.

Na san abin da kake jira. Ban manta yarjejeniyarku da 'yarka Nives ba, cewa idan nunin tufafin Milan na bana ya wuce ba wanda ya nemi kayanta, za ta tattara ta komo gida ta tsaya maka a kanti. Ita ma ba ta manta ba. Tun watan Yuni ta daina cin taliya da kyau. To, gyara zama.

Na kwashi ɗalibaina muka yini a Milan muna kallon kayan bazara da na lokacin zafi mai zuwa, kuma bana ido ya sha kallo. Wanda ya fi burge ni wani dattijo ne da ya fito da farin lilin zalla, riguna masu faɗi da ke shan iska kamar filafilan jiragen tafkinmu, ba a ganin ɗinki ko ɗaya daga waje. Na ce wa yara su kalli hammatar rigar, a nan ake gane tela. Wata yarinya daga Napoli kuma ta yi komai ruwan lemo, ta ɗinka wa mata manyan aljihuna na gaske, har mata suka tafa mata a tsakiyar nuni. Akwai kuma wanda ya yi kwat masu kafaɗu kamar ƙyauren coci. Ɗalibina Ermete ya ce wai, Malama, wannan sai dai a shiga mota a kaikaice.

Nives tana cikin sababbin masu zanen kaya da aka ba dama. Ka tuna silikin da ta rina da ɓawon inabin Kawu? Duk kayanta shunayya ne, daga mai haske har mai duhu kamar ɓaure nunanne. Da farko a wani tsohon ɗakin ajiya za a yi nasu nunin, sai a makon ƙarshe aka mayar da shi wani tsohon gidan wasan kwaikwayo. Ka daɗe da barin ƙasa, amma ba ka manta ba: shunayya ba ta shiga gidan wasa. Launin da limaman coci ke sawa ne a azumin kafin Ista, lokacin da a da ake rufe gidajen wasa, 'yan wasa su kwana da yunwa. Nives haihuwar can ce, ba wanda ya taɓa gaya mata, masu shirya nunin kuma jadawalinsu kawai suke kallo.

Da hantsi muka isa ƙofar baya da kayan a rataye. Shugaban ma'aikatan dandamali, wani gajeren tsoho mai suna Sinyor Bortolo, ya ɗaga ledar da ta rufe rigar farko, ya ja da baya kamar ya ga maciji, ya damƙe makullan ƙarfen da ke ƙugunsa don korar tsiya. Ya ce wai, 'yata, ko Fafaroma ne ya ɗinka su ba za su ƙetare dokin ƙofar nan ba. Nives ta yi dariya, tana tsammanin wasa ne. Ta ce masa, Baba, ai ruwan inabi ne, kai ma shi ka sha jiya da abinci. Ya ce shi a ciki yake zuba shi, ba ya yafa shi a kafaɗa. Yaransa suka ajiye igiyoyi suka harɗe hannu, suka ce in rigar ta shiga su sun fita, kuma ba mai kunna fitila ga kowa. Matar da ke shirya nunin ta dubi agogo ta ce ba za ta rasa mutum shida saboda mutum ɗaya ba, Nives ta haƙura sai baɗi.

Amilcare, na ga fuskar yarinyar nan ta yi fari fat. Ta ce da ni, Goggo, baɗin ai ina bayan kanta ina ƙirga ƙwayoyin ciwon kai. Har ta fara maganar a nemo baƙin rini a tsoma su duka. Na ce mata hannun da ya zuba wa silikin Como baƙi a gurguje, ni zan fara mare shi. Can sai ta koma wajen tsohon, cikin ladabi ta tambaye shi a ina gidan wasan ya ƙare. Ya nuna mata dokin ƙofa da tsinin takalminsa. Ta ce to filin da ke gaban ƙofar fa, na wa ne? Ya sosa ƙeya ya ce wannan na tattabaru ne da hukumar gari, ba ruwansa.

Daga nan komai ya kankama. Mai gidan kofin da ke tsallaken fili, Sinyora Elvezia, ta ba mu ɗakinta na baya, 'yan matan da za su nuna kayan suka shirya tsakanin buhunan sukari, ɗalibaina na guga a kan teburin cin abinci. Aka roƙi ɗan sandan unguwa ya bar mu mu yi nunin a filin, ya ce shi yau idonsa na ciwo, ba ya gani sosai. Da nunin cikin gida ya ƙare da la'asar, mutane suka fito za su watse, sai kiɗa ya tashi. Ka san wa ya zuro wayar lasifika ta taga? Sinyor Bortolo, hannu ɗaya a waya, ɗaya a makullansa, yana ta gunaguni wai shi bai taɓa komai ba.

'Yan matan suka fito ɗaya bayan ɗaya suka ratsa filin, kuma a nan muka ga abin da fitilar cikin gida da ta ɓoye. Silikin nan a rana launinsa motsi yake yi: in yarinya ta juya sai ya koma ja, in iska ta ɗaga shi sai ya yi shuɗi. Masu ɗaukar hoto suka durƙusa a kan duwatsu, masu wucewa da kekuna suka tsaya, wata tsohuwa ta leƙo daga bene tana ihu wai a ajiye mata riga ta ukun. Da Nives ta fito a ƙarshe, da allurai a ƙirjin rigarta, tafin ya tayar da tattabarun filin gaba ɗaya. Ermete ya ce Malama na kuka. Na ce masa ƙura ce, ya kula da aikinsa.

Kafin mu gama naɗe kaya, mata biyu masu manyan kantunan sutura, ɗaya daga Torino ɗaya daga Tokyo, sun nemi a ɗinka musu. Washegari wata masaƙar siliki a nan Como ta kira ta, suna so ta riƙa yi musu rini da zane duk shekara. Sinyor Bortolo ma ya aiko a asirce yana son gyale ɗaya don matarsa, da sharaɗin a kai gida, kada a biyo ta wajen aikinsa.

Saboda haka, ƙanena, sharaɗin zamanta a nan da ka gindaya ya cika, har ya yi rara. Na san kewarta kake yi, ba mai tsaron kanti ka rasa ba. Ita ba ta kira ka ba ne don tana tsoron jin muryarka ta karye. Kai ka kira ta, ka ce mata ta zauna, kuma ka faɗa da bakinka, kada ka aiko Graziella.

Ka gaishe min da Graziella, da Tullio da amaryarsa, da 'yar autarku Mafalda, da surukarka Sinyora Pilar. Mama na sa muku albarka, Kawu Settimio kuma ya ce daga yanzu ɓawon inabinsa ba na kyauta ba ne.

Yayarka mai ƙaunarka,
Ortensia