Dutsen da Ya Tare Rijiyar Tamawa

Tamawa, ranar Lahadi

Zuwa ga 'yata Mardiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata karatu yana tafiya daidai. Mu nan lafiya lau, sai zafi.

Kin san rijiyar da na yi alkawarin ginawa a ƙofar gida, sadaka ga mahaifiyarki, Allah Ya jiƙanta. Ɗanmusa mai ginin rijiya ya wuce jar ƙasa, ya wuce marmara, sai ya ci karo da dutse. Shi ya ce a haƙura, ni na ce a dakata, ina da 'ya mai karatun duwatsu a jami'a. An daɗe ana yi mini dariya, wai na tura yarinya Dutsin-Ma ta koyo abin da awaki ke hawa kyauta. To, yau ranarki ta zo.

Ga dutse nan na ba direba a ƙunshe cikin tsumma. Ki duba ki faɗa mini, a ci gaba ko a bari? Damina ta matso, in ruwan sama ya riske mu ramin zai rufta. Na rubuto ne don waya ba ta riƙe magana a nan.

Mahaifinki,
Malam Ashafa

Dutsin-Ma, ranar Laraba

Baba,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ka da kyau, a gaida su Gwaggo Rakiya.

Baba, duwatsu gida uku ne. Na farko asalinsa narkakke ne a can cikin ƙasa, kamar dalma a wuta, ya huce a hankali ya daskare. Shi ne mai ɗige-ɗigen fari da baƙi, ba shi da ƙofar da ruwa zai bi. Na biyu yashi ne da laka da ruwa ya tara, wani bisa wani, suka danne juna har suka haɗe. Wannan yana shan ruwa yana ajiyewa. Na uku da can ɗaya ne daga cikin biyun nan, zafi da nauyin ƙasa suka matsa shi ya sake kama, ya yi zane-zane kamar saƙi.

Wanda ka aiko na biyun ne. Na murza shi yashi ya zubo, na ɗiga masa ruwa ya shanye. Na yi mamaki ƙwarai, don ƙasarmu ba ta cika samun irinsa ba, amma na yi murna har da hawaye. A ci gaba, Baba, in sha Allahu ruwa na kusa.

Taka mai biyayya,
Mardiya

Tamawa, ranar Asabar

Mardiya,

Assalamu alaikum. Lafiya muke, sai dai labari bai yi daɗi ba.

Da maganarki na tsare Ɗanmusa. Suka tara kirare a ƙasan ramin suka cinna wuta, dutsen ya yi ja, suka sheƙa masa ruwan sanyi don ya tsage. Haka aka yi ta yi har itacen gidan nan ya ƙare. Abin da ke ɓarewa bai fi ɓawon rake ba. Digarsa ta lanƙwashe, hannunsa duk ƙuna.

Jiya na tarar da shi yana faɗa da yaran unguwa, wai sun ɗauke masa dutsen da yake wasa dagi, wanda ya sayo tun daga ƙasar Daura. Da ya kwatanta mini shi sai na gane shi ne na aiko miki. Ranar da zan aiko miki, na ƙasan ya ƙi ɓaruwa, na duba tulin da ke bakin rami na zaɓi mai santsi mai tsabta. Na ga bai dace a shiga jami'a da ƙazamin dutse ba, kuma a ganina duk dutse dutse ne.

Ga na gaskiyar nan, Ɗanmusa ya fito da shi da hannunsa. Ki haɗo mana da nasa, yana nema.

Mahaifinki

Dutsin-Ma, ranar Litinin

Baba,

Ina gaisuwa. A ba Ɗanmusa haƙuri, a yi masa sannu da hannu. Ni ma da na tsaya na sake tambaya, amma son a ce ruwa ya kusa ya rufe mini ido.

Wannan na gidan farko ne, ɗan'uwan dutsen da garin nan ya ci sunansa. Ko shekara za a yi ana ƙona shi, wani ne a ƙarƙashinsa. Ba ruwa a ƙofar gidanmu, Baba.

Amma ka tuna gangaren bayan makarantar allo, inda ake ganin dutse mai zane-zane yana marmashewa a hannu? Na gida na uku ne. Yana da tsaga, samansa kuma ya ruɓe, a irin wurin ruwa ke kwanciya. Ban yi rantsuwa ba, amma can ya fi. Na san ƙofar gida ka so, inda za ka riƙa ganinta daga zaure. Ni ma haka na so. Sai dai ladan Inna yana ga ruwan da za a sha, ko a ina aka ɗebo shi. A hanzarta, hadari ya fara haɗuwa a nan.

'Yarka,
Mardiya

Tamawa, ranar Juma'a

Mardiya,

Assalamu alaikum. Mun bi shawararki, Ɗanmusa ya koma gangare ya fara sabon rami, bayan kwanaki ana aiki ruwa ya fito jiya bayan la'asar. Ja ne tukuna, amma yana kwantawa.

Mata sun fara ɗiba, har sun sa mata suna. Tun da aka kawo mahaifiyarki gidan nan ban taɓa kiran sunanta ba, don kunya. Yau da safe ina zaure na ji wata yarinya ta wuce da tulu, tana ce wa ƙawarta ta zo su tafi rijiyar Turai. Ban iya ƙarasa karatun da nake yi ba.

Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Ashafa