Ni Nake Jinyar Foman

Mama,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya ƙafar taki? Yaya Baba da su Auta? Ni lafiya lau nake, aikin gini yana tafiya.

Abin da kika ji gaskiya ne. Foman ɗin nan da ya yi wa Yaya sharrin sata har aka koro shi gida, shi nake jinya. Ciwon tari ya kwantar da shi, kamfani ya yar da shi a ɗakinmu, kowa ya naɗe katifarsa ya gudu. Yanzu ko kofina ba mai taɓawa, Yaya kuma ya daina ɗaga wayata.

Ba son mutumin nake yi ba, Mama. Ina ba shi abinci a baki, zuciyata tana tafasa. Amma na gwada yin Addu'ar Ubangiji yana nishi cikin fitsarinsa a gefena, da na zo wurin gafara sai bakina ya mutu. Ke kika koya mini ita.

Ki lallashi Yaya. Tarin da kika ji ina yi a waya, ƙurar siminti ce kawai.

Ki sa mu a addu'a, mu biyu, ni da Foman ɗin. Shi ba shi da mai yi masa.

Ɗanki na tsakiya.