Hodar da na aiko muku Illela

Malbaza, ranar Lahadi, cikin bazara

Zuwa ga Zalika, a gidan su Inna, Illela.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, tare da tambayar lafiyarki da ta mutanen gida, babba da yaro. Ina gaida Inna da durƙuso har ƙasa. Ina gajiyar wankan jego, ina zafin ruwa. In kin tambayi tawa lafiya, ina ci ina sha, zama wuri ɗaya ne kawai ya gagare ni.

Na san ba ke za ki karanta wagga takarda ba. Mushe Sani malamin makaranta, ɗan kawunki, za a kira, ya gyara tabarau a tsakar gida, mata su aje taɓare su kewaye shi. To Mushe, sannu da aiki. Tare muka shiga lakwal, kai ka fita ta ƙofa da takardarka, ni na fita ta taga tun aji uku. In ka ga baƙi ya karkace ka tallabe shi ka wuce, kar ka tsaya yi wa mutane bayani. Ku kuma masu saurare, na san kuna nan, kuma da gangan na rubuto. Maganar da na kasa faɗa wa mutum ɗaya, gara kowa ya ji ta lokaci guda in huta.

Zalika, ƙanwata Rabi ta dawo daga duba ku. Ta zauna ta ba ni labarin akuyar Inna da ta haifi biyu, da na wanda ya yi aure, da na wanda rumbunsa ya faɗi. Ni kuwa sai gyara zama nake, don kin san uba ba ya buɗe baki ya tambayi ɗan fari. Sai da ta ɗauki takalminta ta ce, "Yaya, mutumin naka hwa wuyanshi ya yi ja awa an zuba mai barkono. Hammata da matsematsi duk ƙuraje. Kuka shikai har murya ta dishe."

Na ce, "Wane mutum?"

Ta ce, "Ci gaba da wauta. Ka san wanda nika nuhi."

Ta gaya mini yadda ake yi. A wanke shi da jan sabulun nan, a mulke shi da man ƙanshin nan mai ruwan ƙwai, sannan a bi shi da hoda har ya koma kamar dunƙulen fura da aka mirgina cikin gari. Na tambaye ta ina man kaɗen Inna, wanda ta rene ku da shi duka. Wai ta rufe tukunyar ta tura ƙarƙashin gado. Wai ta ce, "Surukina ya yi zuhwa ya sawo kayan birni, in ƙi shahwa ma ɗanshi a ce na rena shi?" Kuma duk wadda ta shigo barka sai an sauko da gwangwanayen an nuna mata, an ce ga abin da mai aikin gidan siminti ya aiko.

Tun daga sa'ar nan ban koma daidai ba. Na ɗora tukunya na manta ban sa ruwa ba. Na tafi masallaci na tarar an sallame, na dawo na tarar ban san abin da na dawo yi ba.

Kin tuna ranar da na tafi Konni sayen kayan barka? Kin ce in sawo zane da kanwa da kayan yaji in dawo, kar in tsaya kallon kanti. Na ce to. Ban wuce tasha ba na tsaya kallon kanti. Wani ɗan kasuwa mai kawo kaya daga Sakkwato ya jera gwangwanaye, a jikin na hoda an zana jariri mai kumatu, yana dariya kamar an ba shi sarauta. Mutumin ya buɗe ya kai mini hanci. Ya ce, "Wanga shi aka shahwa ma ɗiyan manya. Kai da ganinka ma'aikaci ne, ba sai an yi maka bayani ba." Wannan kalma ta ma'aikaci ita ta kashe ni. Na juya gwangwanin na ƙura masa ido, ina gyaɗa kai kamar alƙali. Ingilishi ne a jiki, Zalika. Ni da ko Faransanci gaisuwa kawai muke yi da shi daga nesa. Na ce masa lalle, mai kyau ne, ƙaro man can da sabulun can.

A babbar mota na rungume su a ƙirji har Malbaza, ina jin tausayin 'ya'yan sauran mutane.

Abin da ya fi ba ni haushi, ni ne mutum na ƙarshe da ya kamata a ruɗa da farin gari. Wuni nake cikinsa. Na san yadda siminti yake yi wa fata in ya haɗu da zufa. Ke ma kin sani. Farkon shigata aikin nan, da hannuwana suka tsattsage, ke kika riƙa zaunar da ni bakin ɗaki kina cewa, "Kawo ƙahwar raƙumin nan taka." Ki narka man kaɗe a tafinki ki bi tsaga ɗaya bayan ɗaya. Ina ce miki kina warin tsofaffi, kina ce mini warin tsofaffin ne zai bar ni in riƙe loma. Har hannun ya rufe ban taɓa ce miki na gode ba. Da aka zo kan fatar da ba ta taɓa ganin rana ba, sai na tafi neman ƙanshi.

Bari in ba ki abin dariya, tun da na san su Mushe suna jira. Akwai ragowar gwangwani ɗaya na kowane iri da na ɓoye, wai na ƙanensa in Allah ya kawo. Na ce bari in gwada a kaina, kar in ɗora wa kayan mutane laifin banza. Da safe na wanke wuya da jan sabulun, na shafa man, na bi da hoda, na tafi aiki. Ban kai ƙofa ba 'yan ɗaukar buhu suka shanshano ni. Wani ya ce a ba amarya hanya. Wani ya tambayi ko nawa ne sadakina. Shugabanmu ya zagaya ni sau biyu ya yi tafiyarsa, wannan ya fi zagi ciwo. Kafin azahar wuyana ya fara raɗaɗi, kafin la'asar ina susa da murfin kwano. Ni ke nan, mai fatar da ƙaya take karyewa a jikinta.

Sai na tsaya tsakiyar buhunan na tuna shi yaron ba ya iya susa. Dariyar ta ƙare mini a nan.

Washegari na tafi wurin likita da gwangwanayen cikin aljihun riga. Na ce masa wani abokina ne ya aiko ni, ɗansa ba lafiya. Ya dubi gwangwani, ya dubi wuyana, ya ce, "Abokin naka da wuyanka yake yawo?" Ya karanta rubutun da gaske, ba irin karatuna ba. Ya ce shi man, turare da launi ne suka yi masa yawa, sabulun kuwa na ƙarti ne masu kashe warin jiki, ba a kai shi kusa da jariri. Hodar ma, in ta sha zufa takan dunƙule cikin lanƙwasar wuya ta riƙa gurzarsa, wadda ta tashi sama kuma yaro ya shaƙe ta. Ya ce fatar jariri kamar ɓawon albasa take, abin da babba bai ji ba shi yana ji. Na tambaye shi mai za a saya. Ya ce, "Kai dai ka bar saye. Shi ne maganin farko."

Kar ki ce ban yi ƙoƙarin aikowa da baki ba. Na sami Arzika direba, tun da yana bi ta Illela, na karanta masa saƙo har ya haddace: a gaida Inna, a ce don Allah a dakata da kayan nan. Ya buga ƙirji ya ce ai magana ce ƙarama. Ya je, Inna ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo masa fura mai sanyi, ta sauko da gwangwanayen ta nuna masa, ta sa mini albarka har ta gaji. Ya dawo ya ce, "Nomau, wallahi bakina bai ɗauka ba. Ta ina zan fara?" Ya miƙo mini ƙwan zabi a ƙwarya, wai tukuici daga Inna. Ga su nan a ɗaka. Na kasa ci, na kasa bayarwa. Ana yi mini godiya yaro yana ƙonewa.

Na yi tunanin dabaru iri-iri. Na ce in aiko a ce 'yan duwan, wato kwastam, suna bi gida gida suna karɓe kayan Najeriya. Na ce in roƙi Rabi ta koma ta yi kamar ta yi tuntuɓe ta kifar da su cikin kwatami. Har na yi tunanin in zo da kaina in sace, sai na hango jandarma yana tambayata sana'a, ina cewa ɓarawon hodar ɗansa. Duk na zubar. Kowace dabara tana cin lokaci, kuma kafin ta nuna an sake yi masa wani wankan.

Na san ke ma kin gani. Na san ki. Kina zaune gefen gado kina kallon ana baɗa masa, kin kawar da kai don kar a ce kin cika rawar jiki a kan ɗan fari. Inna tana jin kunyata, ni ina jin kunyar Inna, ke kina jin kunyar mu duka. Shi kaɗai ne a gidan bai san kunya ba, shi ya sa yake faɗin gaskiya da iyakar muryarsa.

To Mushe, ɗaga murya nan, bangon ɗakin Inna ba shi da kauri.

Ina roƙon arziki, a bar shafa wa ɗana kayan da na aiko. Na faɗa, ɗana, kowa ya ji, a yi ta yi mini dariya har kaka. Kayan ba su da kyau gare shi, kuma wanda ya zaɓo su bai san abin da yake yi ba. Inna ba ta rena ni ba in ta bar su. Ita ta rene ki, kuma ban taɓa ganin tabo a jikinki ba. A jawo tukunyar nan daga ƙarƙashin gado. A wanke shi da ruwa mai ɗumi zalla, a tsane masa wuya da hammata da tsohon zane mai laushi, ba gurzawa, a bar shi ya sha iska. Man kaɗen ma kaɗan, likita ya ce, ba sai ya yi ƙyalli ba. In ƙurajen sun fara ruwa ko jikinsa ya yi zafi, a kai shi wurin likitan Illela ranar, kar a jira ni, kar a jira kowa.

Gwangwanayen kuwa, in don baƙi ne, a juye cikinsu a rami a rufe, a wanke su a mayar saman jere. Suna da kyan gani, wannan kam ban yi asara ba. Duk mai shigowa a nuna mata jaririn mai kumatu, a ce surukin ne ya aiko. Ba wadda za ta buɗe.

Ban haɗo komai da wagga takarda ba. Na sauke kaina daga sarautar sayayya sai abin da hali ya yi.

Zalika, ranar suna ƙafarsa kawai na gani. An fito da shi cikin zane za a kai wa wanzami, ina can cikin maza ina yi kamar lissafin goro ya dame ni, sai zanen ya zame. Ƙafa ɗaya, ba ta kai babban yatsana ba, tana shure iska. Da ita nake zaune har yau. In na ɗaga buhu ita nake gani. Ban san ko hancina ya ɗauko ba, ina fatan Allah ya raba shi da wannan.

Na nemi hutu a buro wurin manyanmu, sun ba ni ranar kasuwarku. Zan shigo motar Arzika. Ba zan yi sallama ba, ba ni da fuskar da zan zauna gaban Inna bayan wagga takarda. Zan zagayo ta bayan gida, wajen turken awaki, inda darni ya ɗan rusuna. In kin ji ana tari irin na mai shaƙar siminti, ni ne. Ki ɗauko shi kamar za ki shanya zane, ki ɗaga mini shi sama da darni, ki juya mini wuyan in gani da idona. In ya yi sauƙi, zan koma tasha ba wanda ya san na zo. In bai yi ba, zan shigo ta ƙofar gaba in ɗauke shi da hannuna gaban kowa mu tafi wurin likita, a daɗe ana ba da labarina a Illela.

Allah ya sanyaya masa fata, ya ba shi barci mai daɗi a bayanki. Allah ya ba ki ƙarfin jiki da ruwan nono, ya fid da ke wanka lafiya. Allah ya saka wa Inna da alheri, ya ba ta haƙurin zama da suruki irina. Allah ya raya mana shi, ya yi masa hankali fiye da na ubansa, wannan kam ba babban roƙo ba ne. Amin.

Ni ne mijinki,
Nomau, na gidan siminti, Malbaza.