Kalmar da Likita Ta Faɗa a Kan Hussaina

Tudun Wada, Gusau.

Zuwa ga Yayana Tajuddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Yaya Hauwa'u da yara. Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka a kan hanyoyin Fatakwal da kake tuƙi. Mu nan da sauƙi, maigidana Malam Abdu ya koma ɗinkinsa. Ka yi haƙuri da rubutun, da hannuna na yi shi, shekara biyu ke nan ina zuwa makarantar manya. Idan na kira ka kullum kana kan hanya, maganar kuwa ba ta tsaye ba ce.

Ranar Talata ƙanwarmu Mairo ta iso daga ƙauye, goye da 'yarta Hussaina. Ta bi daji da ƙafa har Tsafe kafin ta sami mota. Hassana kuwa ta bar ta wurin Inna, don ba za ta iya ɗauko su biyu ba. Yaya, da na sauke yarinyar ban gane ta ba. Shekararta biyu, amma ba ta kai nauyin tulun da babu ruwa ba. Gashinta ya yi ja, ƙafafunta sun kumbura, ko kuka ba ta yi. Muka kai ta asibiti. Wata likita ta zagaya damtsenta da igiyar awo mai launuka, awon ya tsaya a kan ja, sai ta juya ta yi wa nas magana da Turanci, murya ƙasa-ƙasa. Mu dai ce mana ta yi a kwantar da ita, za ta samu sauƙi. Amma kalma ɗaya ta faɗa har sau biyu, na riƙe ta a baki ina maimaitawa har gida.

Washegari na tambayi malaminmu, Malam Kamilu. Ya sa na sake faɗa, sannan ya rubuta starve a allo. Ya ce ba yunwar da muka koya a baya ba ce, wadda tuwo ɗaya ke kashewa. Wannan ita ce mutum ya daɗe bai ci ba har jikinsa ya fara cin kansa, idan ba a tare ba ta kai shi kabari. Ya ce masu ƙoshi sukan faɗe ta da wasa idan abincin rana ya makara, matan aji suka yi dariya. Sai ya ƙara da cewa ana kuma haɗa kalmar da wanda aka yi wa, wato wani ya hana wani abinci da gangan har ya galabaita. Ya ce kowa ta kawo misali. Da aka zo kaina na ce ko ana iya yi wa gari guda haka. Ya dube ni, ya ce ana iyawa. Ya tambayi garinmu, na gaya masa, sai ya goge allon ya ce a tashi.

Abin da ya sa na yi tambayar shi ne labarin da Mairo ta zo da shi. Mutanen daji sun aiko cewa kada kowa ya taɓa gona bana. Dawa ta nuna tana tsaye, tsuntsaye ke ci, mutane na kallo daga bakin gari. Adamu na gidan Liman ya saci jiki ya yanko kai goma, har yau ba a gan shi ba. Sun tare hanyar kasuwar Mada, ko gishiri ba ya shiga. Ba su harbi kowa ba a watan nan, sun zauna ne kawai suna jira. Ganyen tafasa da dusa ake dafawa, sau ɗaya a yini.

Baba ya ƙi fitowa. Ya ce wa Mairo shi ba zai zo birni ya zauna a zauren suruki ana miƙo masa kwano ba, alhali dawarsa na tsaye. Inna kuma ta ce ba ta barin sa. Malam Abdu ya share musu ɗaki, kuma akwai mai babur a Bungudu da ya san hanyar baya, ya ce zai iya ɗauko su muddin ba a rufe ta ba. Baba ba ya jin maganar kowa sai taka. Mannir mai shago yana hawa dutse kowace Juma'a da hantsi don wayarsa ta kama. Don Allah ka kira shi a lokacin, ya haɗa ka da Baba. Kada ka lallashe shi da batun yunwarsa, ka yi masa maganar Hassana.

Hussaina ta fara shan madarar asibiti, jiya har ta riƙe yatsana. Amma akwai abin da Mairo ba ta gaya mini ba sai yau da safe. Ranar da za ta taho, Inna ta fasa tukunyar irin shuka ta yi wa yaran kunu, kuma Baba yana zaune yana kallo bai hana ta ba.

Ka gaishe da Yaya Hauwa'u, da Zuwaira, da Abdulaziz, da Kawu Isma'ila idan kun haɗu. Mairo da Malam Abdu suna gaishe ka. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Ummulkhairi Yari