Ranar da Baba Ya Sallama Gardama

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya ciwon bayan naka? Mu dai sai godiya.

Yaya, abin da zan faɗa maka ba na waya ba ne, don Baba na kasa kunne ko da ya yi kamar yana gyangyaɗi. Ka san gardamarsa da abokinsa Gajere, tsohon mahayin nan, ta girme ni. Kullum la'asar suna baranda. Gajere ya ce a duk dawakin sukuwa masu asali ba a taɓa yin kamar Ƙyaftawa ba, wanda shi ya hau suka ci tsere goma sha ɗaya a jere. Baba ya ce gudun gajeren zango ko zomo ya iya. Doki shi ne Dogon Numfashi, wanda ya horar da hannunsa, ya ci tseren dogon zango cikin taɓo da tsagaggen kofato. Inna, Allah ya jiƙanta, takan ce da dawakan na da baki da sun roƙi a bar su su kwanta lafiya a kabari.

To, ranar Talata na kawo musu shayi, Gajere ya ɗauko zancen kamar kullum. Sai Baba ya ce shi ke nan, ya yarda, Ƙyaftawa ya fi. Gajere ya riƙe kofi, ya kasa kai shi baki. Sau uku yana tsokanarsa, Baba sai murmushi yana murza gemu. Sai na tuna makon jiya na tsinci tabaransa a cikin firji, har na yi dariya. Yanzu dariyar ta ƙi zuwa.

Jibi zan kai shi asibiti, na ce masa awon jini ne. Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Da fatan duk kuna lafiya. Saƙonka ya iso, na gode.

Mun ga likita. Ta ba shi kalmomi uku ya riƙe, ta sa shi ya zana agogo. Da ta ji aikinsa na da, ta tambaye shi kan dawaki, ya jero mata asalin Dogon Numfashi har kaka bakwai ba tuntuɓe. Amma da ta tambayi watan da muke ciki, ni ya juyo ya kalla. Kalmomin kuwa ɗaya ya dawo da ita. Ta ce ciwon mantuwa ne ya fara, magani na iya rage masa sauri, amma ba ya tsayar da shi.

A hanyar gida, yana kallon tagar mota, ya gaya mini abin da ya faru ranar Talata. Ya ce ya buɗe baki zai ba da labarin tseren taɓon nan, sai ya neme shi ya rasa, kamar wanda ya buɗe barga ya tarar ba doki. Ya ga gara ya sallama da ya yi ta kame-kame a gaban Gajere. Ya roƙe ni kada in gaya masa.

Ka ce in kawo shi wurinka tunda kuna kusa da babban asibiti. Na san don alheri ka faɗa. Amma kwana uku ke nan Gajere na zuwa, su zauna shiru kamar masu zaman makoki, kuma ban san wanne ya fi ba ni tsoro ba, tafiyar ko zaman. Ka ba ni mako guda.

Ka gaida Anti.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyar gida.

Na karya alkawari, Allah ya yafe mini. Na raka Gajere bakin ƙofa na gaya masa komai. Ya daɗe yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi.

Washegari ya zo, ya ce ya kwana yana tunani, ashe Baba ne ke da gaskiya. Ya ɗauko tseren taɓon tun daga farko, don ashe yana ciki a kan wani dokin, a baya. Ya faɗi yadda laka ke dukan fuskarsa, da yadda Dogon Numfashi ya wuce su a kwana ta ƙarshe da kofaton dama a tsage. Sai Baba ya daki hannun kujera, ya ce hagu ne, mahayin banza da bai san dama da hagu ba. Daga nan ya karɓe labarin ya kai shi ƙarshe. Sa'a guda suna yi. Ni kuwa ina kicin, na kunna famfo don kada su ji ni.

Ba na yaudarar kaina, Yaya. Da safe ya tambaye ni ko Inna ta dawo daga kasuwa. Amma ina roƙonka ka bar shi a nan, inda ake da mai jayayya da shi. Kai ne ya kamata ka taho.

Jiya ya gan ni da biro, ya tambayi wa nake ta rubuta wa. Na ce babban ɗansa. Ya daɗe yana murza gemu. Can ya ce, "Au, wannan mai tsoron dokin?" Ya yi dariya har da tari.

Ka zo tun yana riƙe da wannan.

Ƙanwarka mai jiranka,
Auta