Lomar Farko

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da maigidanki da rundunarki duka. Lafiyata ƙalau, zama wuri ɗaya ne dai ya gagare ni.

Kin tambayi abin da nake yi tunda na gama karatu. Aikin sa kai nake yi a wani gidan marayu da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Kada ki yi saurin sa mini albarka. Ɗakina ne ya ishe ni: akwati a ɗaure, tikiti sai ƙarshen wata, ni kuma daga taga sai ƙofa kamar kaza mai neman wurin ƙwai.

Masu sa kai a nan kashi biyu ne, masu zuwa da kyamara da masu zuwa da hawaye. Ni da digiri biyu na zo, aka miƙo mini ludayi. Dokar Madam, shugabar gidan, ita ce mu raba abinci a tsaye da safar hannu ta leda, ba zama, ba ɗan lele.

Akwai wata yarinya, ba za ta wuce shekara shida ba. 'Yar Taga nake kiranta, don can take zama. Ba ta cin abinci. An ce inda aka ɗauko ta an taɓa ba ta abin da ya kwantar da ita a asibiti, ba a ƙara mana bayani ba. Likita har ya fara maganar sa mata roba ta hanci. Jiya sai ta turo mini farantinta da yatsa ɗaya. Kin san gidan da muka tashi, ba a miƙo maka abinci ka tsaya kallo. Kafin in tuna da doka na zauna, na tuɓe safa, na kai loma. Dankali ne, lami. Ta kafa wa maƙogwarona ido har na haɗiye, ta jira ta ga ban faɗi ba, sannan ta cinye tas.

Ki gaida kowa.
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna nan lafiya, sai kewarki da surutun yaran nan.

Oh ni! Ke da ko shayi a tsaye kike sha, yau ke ce da zama a ci da ke? Na karanta wa Inna, ta yi dariya har da tari, ta ce ashe sai da kika haye ruwa kika koyi ladabi.

To ga magana. Mutanen ofishin da suka ɗauke ki sun sake kira. Sun ce in wata ya mutu ba su gan ki ba, kujerar ta zama ta wani. Idon Inna ma likita ya sa ranar aiki, ni kuma shago da yara sun riƙe mini wuya.

Ban yi boko mai zurfi ba, amma bari in tambaye ki. Ranar da kika hau jirgi, wa zai ɗanɗana wa yarinyar?

Allah ya kare ki.
Yayarki

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. A gaggauce nake rubutu.

Madam ta yi mini irin tambayarki, sai dai ita da murmushi da kofin shayi ta yi, ta fi taki ciwo. Yanzu 'Yar Taga ba ta ci sai na fara. Ran Lahadi ban je ba, don in gwada. Ta wuni da ruwa kaɗai a cikinta. Ni kuma na wuni ina zagaya tashar jirgi, ina karanta allon tafiye-tafiye kamar za a yi mini jarrabawa a kai. Na je ofishin tikiti don in ɗaga tafiyar, na bi layi har na kai gaba, na ce wa mutumin na manta abin da ya kawo ni.

Daga nan na nufi kicin wurin Kuku. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, ta fi bangon gidan daɗewa, kuma ba ta ƙaunar masu sa kai.

"Farfesa," in ji ta, "an zo koya mini sa gishiri?"

"Roƙo na zo, Baba. Ki riƙa kai loma ɗaya a farantin yarinyar nan."

"Ni na dafa, ni zan ɗanɗana, ni zan wanke. In haɗiye mata ma?"

"In da hali."

Ta harare ni, amma da rana sai ga ta tana jan ƙafa. Muka sa yarinyar a tsakiya. Na ci, Kuku ta ci, yarinyar ta ci. Washegari na ce Kuku ta fara. Yarinyar ta doke cokalin, miya ta wanke wa tsohuwar gaban riga. Kuku ta ce, "Yauwa, ashe da ƙarfinki." Ta ɗauko wani cokalin.

Kullum ina ja da kujerata baya kaɗan. Jiya rabin faranti ta ci, tana ci tana waiwayena. Likita ya ce in nauyinta ya sake sauka, roba za a sa. Yaya, in na ƙara wata ɗaya fa?

Auta

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Inna na sa miki albarka.

Ba zan ce miki komai a kan aiki ba, za ki samu wani. Idon Inna ma ko a kafaɗa zan kai ta. Amma wata ɗaya me zai yi? In zama za ki yi, ki zauna har ta girma. Ni na goya ki, na san ba za ki iya ba, kuma ba laifi ba ne.

Abu ɗaya nake roƙonki. Kada ki sulale kamar yadda kike yi mana in kin gaji da hira. Ki durƙusa ki gaya mata da bakinki. Kuma ki saya wa tsohuwar nan riga.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa.

Yau daga bakin ƙofa na tsaya. Kuku ta kai loma, yarinyar ta cinye, ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya. Na je na durƙusa na ce mata jibi zan tafi ƙasarmu, ba zan dawo ba. Ta ce, "To." Ta juya ta tambayi Kuku ko akwai ƙari.

Madam ta ce wannan babbar nasara ce, har da ba ni hannu. Gaskiyarta.

Ki turo maigidanki filin jirgi ran Alhamis. Ke kada ki zo, fuskata za ki tsaya karantawa.

Ƙanwarki,
Auta